Ba Ƙwari Sunka Ci Irin Yaya Ba

Yaya ya rasu ranar Laraba da hantsi, kafin azahar an kai shi makwancinshi. Allah ya jiƙan shi. Ni ce ƙanwarshi, autar ɗakinmu, kuma ni kaɗai na rage cikin mu shida da uwa guda ta haifa. Ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Abin da kuke karantawa bakina ke faɗi, hannun jikata ke rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mani ko da inda maganar ta munana ni.

Mutane sun zo. Sun zo daga cikin Sabon Birni, sun zo daga Unguwar Lalle, wasu sun biyo mota daga garin Isa duk da halin da hanya ke ciki. Maza sunka cika zaure har sai da anka ƙara tabarmi gindin dogon yaro, mata sunka cika tsakar gida. Wani tsohon Bafillace ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi zama, ya ce shi ba shi da dogon jawabi, abin da ya sani dai shanunshi sun daɗe suna kwana gonar Yaya bayan girbi, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Wata mata daga bayan kasuwa ta ce shekarar da mijinta ya rasu, Yaya ya zo da irinshi ya shuka mata gonarta kafin ya taɓa tashi gonar. Tana faɗi tana share hawaye da bakin mayafi.

Sai kuma su juyo kaina. "Sannu, Inna. Ke kam kin riƙe shi amana." "Sannu, Gwaggo, samun 'yar'uwa irinki sai an tona." Duk wadda ta faɗi haka sai in ji kamar ta ɗora mani garwashi a tafin hannu ta ce in riƙe. Ina sunkuyar da kai, su suna zaton baƙin ciki ne. Akwai baƙin ciki, amma ƙarƙashinshi kunya ce. Akwai wata ƙarya da ta zauna bisa sunan Yaya shekara uku, ya tafi kabari da ita, kuma ni ce sanadinta.

Bari in fara gaya maku ko wane ne shi.

In na ce manomi ne ban faɗi komi ba, don duk garin manoma ne. Shi mai ajiyar iri ne. In gero ya nuna, kafin kowa ya fara girbi, sai ya rataya kaba a kafaɗa ya shiga gona shi kaɗai. Shina tafiya sannu, shina duban zangarniya ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yi mashi sai ya ɗaura mata kaba. Wadda anka ɗaura wa kaba ba mai taɓa ta. Da hannunshi yake murje ta, bai yarda ta shiga turmi ba. Ya shanya, ya ɗauki ƙwaya ya sa a haƙori, in ba ta ce ƙas ba a mai da ita rana. Sannan ya zuba cikin tukunya da busasshen ganyen dogon yaro, ya kife murfi, ya liƙe da laka, ya danna yatsa bisa lakar tun tana ɗanya don ya san wace ce wace. Yatsa ɗaya dawa, biyu maiwa, uku kuwa gero mai gashi.

Wanga gero mai gashi shi ne abin alfaharinshi. Daga hannun kakanmu ya zo, an ce daga wajen Alƙalawa ya kawo shi. Shina nuna da wuri, kuma zangarniyarshi na da gashi mai tsini, tsuntsu bai iya sauka kanta. Furarshi fara ce, da wani ƙamshi kamar na ƙasar da ta sha ruwan farko.

Yaya bai son gardama. In mutane sunka ja magana, ko ta noma ce ko ta siyasa, sai ya bari su gaji, sannan ya ce, "A shuka a gani." Ya tashi ya bar su. Amma na taɓa ganin fushinshi. Wani maƙwabcinmu ya roƙi iri, Yaya ya ba shi, shi kuwa ya kai gida anka yi tuwo da shi. Damina guda Yaya bai amsa gaisuwarshi ba. Na ce, "Yaya, wata ƙila yunwa ce." Ya ce, "Auta, da ya ce mani yunwa yake ji, da na buɗe mashi rumbu. Iri ya roƙa." Ku riƙe wanga, don ku san ni ban yi abin da na yi cikin rashin sani ba.

Lokacin da mijina ya rasu, ɗiyata ta bi bayanshi ta bar mani jinjira, Yaya ya zo da amalanke ya kwashe mu. Bai tambaye ni ba, ya ce dai, "Ɗauko tukwanenki." Matarshi ta riga ta rasu, gidan ya yi mashi faɗi. Nan na raini yarinyar. Shi ya kai ta makaranta da hannunshi, ni ina ta tsoro. Shina ce mata Amarya, tana ce mashi Tsoho, kullum suna cikin tsiya da juna. Kwanci tashi ta gama ta nan, ta samu jami'a a Sakkwato, kuma ba ta zaɓi komi ba sai karatun noma. Yaya ya ce, "Duk wanga wahala don ki dawo ki ƙwace mani gona."

Ana nan, wata rana da la'asar ta kira wayarshi. Ya buɗe muryar don in ji.

"Tsoho, ka shirya. Ajinmu ya zaɓe ka."

"Zaɓen mi, Amarya? Ni ban tsaya takara ba."

Ta yi dariya, ta yi mana bayani. Ta ce suna da wani malami, Dakta ake ce mashi, wanda ba ya zuwa da karatu a ƙulle ya sauke masu. Farkon zango sai ya zauna da su ya tambayi kowa abin da ya baro gida, abin da iyayenshi sunka sani game da gona. Sai su tsara tare abin da za a koya da wanda za a gwada. Kowa ya kawo tashi shawarar, a yi gardama, a ɗaga hannu. Ta ce shi kanshi malamin ya kawo tashi shawarar, ba ta samu rinjaye ba, ya haƙura. Ita kuwa ta ba su labarin gero mai gashi, wata uku tana jan su, har sunka yarda. Za su zo su karɓi iri, su shuka shi gonar jami'a kusa da nasu, kuma in ya nuna Yaya zai je ya koya masu yadda ake zaɓen zangarniya. Shi da malamin, gaban aji guda.

Na ce, "Shi malamin naku bai san aikinshi ba ne, da za shi riƙa tambayar yara?"

Yaya ya ce, "Ko kuwa ya san shi ƙwarai."

Ni ban yarda ba. A zuciyata na ce ladabin 'yan boko ne, suna son su faranta wa yarinya. Mutum ya yi karatu har anka ce mashi Dakta, mi za shi samu cikin tukunyar ƙasa? Abin da ya dame ni daban ne. Bangonmu da ya tsage, tabarminmu da sunka tsufa, da abin da za ni ajiye gaban manyan baƙi.

Kun san shekarun da daji ya ɓaci. Gonar Yaya ta nesa, inda yake shuka mai gashi, ta gagari zuwa. Ranar da ya samu ya shiga, abin da ya iya fitowa da shi bai wuce ya rungume a ƙirji ba. Waɗanda ya taɓa ba irin kuwa, wasu sun yi gudun hijira, wasu sun cinye nasu don ba yadda za su yi. Abin da ya rage duk cikin 'yar tukunya guda yake, ƙarƙashin gadonshi. Mu kuwa geron kasuwa muke ci, wanda ya daɗe cikin buhu, mai warin ruma.

Ana gobe baƙi za su zo na daka kaɗan na ɗanɗana, na ji ɗaci. Wata maƙwabciya ta leƙo ta shinshina ta ce, "Da wanga za ki tari mutanen jami'a? Yarinya za ta sha dariya a makaranta." Ba na ɗora mata laifi. Magana ta faɗa ta wuce, ni ce na riƙe ta.

Ranar Asabar da safe Yaya ya sa farar rigarshi ya tafi tasha tarbar su. Bafillata ta kawo nono mai kyau, mai kauri. Na dubi nonon, na dubi gerona. Na shiga ɗakin Yaya, na durƙusa, na jawo tukunyar. Na ga yatsa uku bisa lakar. Na ce wa kaina ai akwai wasu tukwanen, wata ƙila akwai shi cikin wata. Ban duba ba, don ban so in sani. Na sa muciya na fasa lakar. Na ce rabi za ni ɗiba, amma da na tuna baƙi tara ne, ga direba, sai na ga rabi ba zai kai ba. Na juye duka cikin turmi.

Na surfa, na wanke, na daka, na dafa, na kirɓa. Fura ta yi fari, ƙamshinta ya cika gida. Wallahi a lokacin daɗi na ji.

Sunka iso da hantsi. Malamin ba tsoho ba ne, ɗan siriri ne mai tabarau. Na sa an ɗauko mashi kujera daga maƙwabta, ya ƙi, ya zauna tabarma tsakanin ɗalibanshi, har wani ya ce mashi ya matsa, ya matsa. Jikata sai kai da kawowa take, fuskarta na haske. Na dama fura cikin babbar ƙwarya, anka raba. Malamin ya sha ya ce, "Inna, tun rasuwar kakata ban sha irin wagga ba." Ya miƙo kofi a ƙara mashi.

Yaya ne na ƙarshe. Ya ɗauki ludayi ya kai baki. Kurɓi guda ya yi. Bai haɗiye da wuri ba. Ya ɗago ya dube ni, ni kuwa ina tsaye bakin madafa da ƙwarya a hannu. Bai ɗaure fuska ba. Ya ajiye ludayin sannu, ya ce, "Bari in ɗauko maku abin da kunka zo nema."

Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito, tukunyar na hannunshi, wayam. Ya ajiye ta tsakiyar tabarma.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Na ɗora maku tafiyar banza. Ƙwari sun cinye shi. Jiya na buɗe na gani, na kasa gaya wa yarinya."

Wani ɗalibi ya ce, "Baba, ko za mu ga abin da ya rage? Wani lokacin akan samu mai rai ciki."

"Na watsa wa kaji."

Ina tsaye. Bakina na nan, harshena na nan, ba abin da ya riƙe su. Kalma uku ta isa. Ban faɗe ta ba.

Malamin ya juya ga ɗaliban ya ce, "To, ga inda muke. Mi kuke gani?" Sunka fara shawara nan gabanmu. Wani ya ce a koma, wani ya ce a nemi wani irin. Wata yarinya ta ce tunda an zo, a bincika yadda anka yi ajiyar, a gano inda ta ɓaci, ko ba komi an koyi wani abu. Anka ɗaga hannu, tata ta ci. Sunka fito da littattafai, sunka auna bakin tukunya, sunka ɗauki hotonta, sunka sa Yaya gaba da tambaya. Cikin ladabi suke yi, amma tambaya ce. Ya shanya sosai? Lakar ta tsage? Yaushe ya duba ta ƙarshe?

Shi kuwa shina amsawa, kanshi a ƙasa. "Wata ƙila bai bushe ba." "E, lakar ta ɗan tsage." "Na yi sake, tsufa ne." Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin ƙwaro cikin tukunyarshi ba, ya zauna shina ƙirƙiro wa aikinshi aibi ɗaya bayan ɗaya, su suna rubutawa.

Da za su tafi jikata ta tsaya tsakar gida, sauran na waje.

"Wata uku ina yabon ka gaban mutane. Na ce masu duk ƙasar Gobir ba mai ajiya kamarka. Da ka gaya mani ko jiya ne, da na hana su tasowa."

"Ki yi haƙuri, Amarya."

"Kada ka ƙara ce mani Amarya. Kullum a shuka a gani, a shuka a gani. Yau mi za a shuka?"

Ta fita. Daga baya ta ba shi haƙuri, ya ce ba komi. Amma tsiyar nan tasu ba ta dawo ba. Ta koma gaishe shi a durƙushe tana ce mashi Kaka, kamar baƙo.

Bayan motar ta tashi Yaya ya zauna gindin dogon yaro. Na je na durƙusa nesa kaɗan. Can ya ce, "Auta, da kin bar mani ko cikin tafi."

Iyakar faɗan da ya yi mani ke nan, har ya koma ga Allah.

Na ce, "Za ni kira ta in gaya mata."

"Ba za ki gaya mata ba. Ni tsoho ne, ana yi wa tsoho uzuri. Ita kuwa ba ta da uwa sai ke. In ta raina ni, tana da ke. In ta raina ki, wa take da shi?"

Na ce to. Kuma wanga shi ne abin da ya fi ci mani rai, saurin da na yi na ce to. Ban ja ba ko sau ɗaya. Sanyi na ji, kamar an sauke mani kaya, ban ko dubi kan da anka aza su ba.

Damina biyu shina neman mai gashi. Ranar kasuwa ya je ya tsuguna gaban masu hatsi shina tona mudu da yatsa. Ya aika da saƙo ga masu kai kaya Nijar. An kawo mashi iri biyu ko uku, ya shuka bayan gida, ya gani, ya girgiza kai. Ɗaliban ba su yar da shi ba, sun aiko har sau biyu ya zo ya yi masu magana kan zaɓen zangarniya, su za su aiko da mota. Ya ce a gode masu, ƙafa na ciwo. Ni ya gaya wa gaskiya. Ya ce, "In na tsaya gabansu sunka sake tambaya ta tukunya, sai in sake ƙarya. Ta rana guda ta ishe ni."

Labari kuwa ya zaga gari. Maƙwabcin nan da ya ci iri ya same shi bakin masallaci ya ce, "Ashe ƙwari ma sun san gidan manya." Mutane sunka yi dariya. Yaya ma ya murmusa. Ya dawo gida na ajiye mashi tuwo, ya ci, ya ce an gode.

To, ranar sadakar bakwai malamin ya zo ta'aziyya. Jikata yanzu ta gama, tana ƙarin karatu ƙarƙashinshi, tana taimaka mashi da sababbin ɗalibai. Ya zo da huɗu daga cikinsu, waɗanda ba su taɓa ganin Yaya ba. Bayan sun yi addu'a zaure, anka shigo da su su gaishe ni. Wata yarinya cikinsu, mai fara'a, ta ce, "Inna, mu ma mun san shi. Duk wanda ya shigo ajinmu sai ya karanta labarinshi."

Na ce, "Wane labari?"

Ta ce akwai littafin aji, wanda yayyensu sunka rubuta tare da malam, kowace shekara ana ƙara mashi. Akwai shafi guda kan Yaya, har da hoton tukunyar.

Na ce wa jikata, "Karanta mani."

"Kaka, ba yau ba."

"Yau."

Ta buɗe wayarta, ta riƙa karantawa tana mai da shi Hausa. Ba su zage shi ba. Sun ce dattijo ne mai ilimin iri, mai karamci. Sannan sunka ce ga misalin yadda ajiyar tukunya ke cin amanar manomi, ko da gwani ne: hatsi bai bushe ba, laka ta tsage, ƙwari sun shiga, irin da ya daɗe a gida ya ɓata. Ƙarshen shafin tambaya ce ga ɗalibi, ya lissafa kurakuran da manomin ya yi.

Shekara uku yara na zama suna lissafa kurakuran Yaya, ana ba su maki.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tuna ya hana ni. Amma ya hana ni ne bai san an sa shi littafi ba, kuma ni na san ba don biyayya na yi shiru ba, don kaina na yi. Na ce, "Malam, ka zauna. Ku ma ku zauna." Matan da ke tsakar gida sunka juyo kaina, har da waɗanda sunka yaba mani riƙon amana.

Na ce, "Ba ƙwari sunka ci irin ba. Malam, kai da yayyensu kunka sha shi. Furar da na dama maku ran nan, ita ce. Ni na fasa tukunyar, don ina jin kunyar geron da ke gare ni. Shi ya gane tun kurɓin farko, ya rufa mani asiri."

Jikata na kallo na kamar ba ta taɓa gani na ba. Ta ce, a hankali, "Kina tsaye nan lokacin da na gaya mashi maganar nan."

"Ina tsaye."

"Kina ji."

"Ina ji."

Ta tashi ta shiga ɗakinshi ta ja ƙyaure.

Malamin ya cire tabarau ya daɗe shina shafa ido. Ya ce, "Inna, ni har ƙari na nema." Sannan ya ce, "Mu ma muna da namu. Mutum ya shekara hamsin shina ajiya, rana guda ya ce ya yi sake, munka karɓa ba mu ja ba, don ya yi daidai da abin da muke zato tun kafin mu zo."

Na ce, "To ka goge shafin."

Ya ce, "Ba ni da ikon goge shi ni kaɗai. Tare munka rubuta, sai an koma gaban aji. Kuma za su so su ji daga bakinki, in kin yarda. In ba ki yarda ba, za ni faɗa masu da nawa bakin, ba tare da na nuna ko wace ce ba."

Ya buɗe mani ƙofar gudu, kamar yadda Yaya ya buɗe mani. Na ce, "A'a. Za ni faɗi."

Jikata ta koma Sakkwato ba ta ce mani komi ba sai sallama. Bayan mako biyu ta kira da hantsi. Ta ce, "Kaka, aji na jin ki." Na ji tarin mutane, na ji ana jan kujeru. Na zauna bakin turmi da waya a hannu, na faɗi duk abin da na faɗa maku nan, ban rage ba. Wani yaro ya ce, "Inna, ba ki yi tunanin irin muka zo nema ba?" Na ce, "Na sani. Ban dai yarda da gaske kuke ba. Na ɗauka cikinku za ni burge, ba tukunyarshi ba." Wasu sunka yi 'yar dariya, sannan sunka daina.

Sai wata ta ce to yaya yake ajiyar, ta gaskiya. Na gaya masu. Kwana nawa yake shanya, inda yake ɗebo laka, yadda yake cuɗa ta da ƙaiƙayi don kada ta tsage, yadda yake ɗora tukunya bisa duwatsu uku kada ta sha sanyin ƙasa. Ashe duk na sani, ido ya ɗauka ban lura ba. Sunka yi gardama ina ji, sunka ɗaga hannu. Sun ce za a cire tambayar kurakuran, za a rubuta abin da ya faru, kuma bana za su yi ajiyar tukunya yadda yake yi, kusa da tasu ta buhu, su ga wadda za ta kai damina. Sunka tambaye ni ko a ce wata mata ce daga gidan. Na ce a rubuta ƙanwarshi, don ƙanwarshi guda ce, kowa ya san ta.

Gero mai gashi bai dawo ba, ba kuma na zaton za shi dawo. Maƙwabta wasu sun rage shigowa, wasu na shigowa fiye da da, don su dube ni. Jikata ta zo sadakar arba'in, tana gaishe ni, tana ci daga hannuna, amma akwai abin da ta rasa wanda ba ni iya mai da mata: shekara uku da ta yi tana gaishe shi kamar baƙo. Ban roƙe ta ta yafe ba tukuna, don ban ga ta inda za ni fara ba.

Ku da kunka san shi, da ku da kunka san shi cikin littafi kawai, ku roƙa mashi gafara da rahama, Allah ya haskaka kabarinshi, ya saka mashi da abin da ya rufa. In kuma wani ya sake ce maku ƙwari sun taɓa shiga ajiyar Yaya, ku ce ƙanwarshi ta ce ƙarya ne. Hatsinshi ya bushe, lakarshi ba ta tsage ba. Ni na fasa ta da muciya, ranar Asabar da safe, shina tasha shina jiran baƙi.